Yadda Na Sake Koyon Cin Abinci da Hutawa Bayan Ciwo Ya Ɓuya a Cikin Azumina

A yawancin ikilisiyoyin garin Gombe da azumi ake buɗe sabuwar shekara, wasu na kwana uku, wasu na mako guda, wasu kuma har kwana ashirin da ɗaya. Na tashi cikin wannan al'ada tun ina yarinya a ƙasar Tangale, kuma har yau ina ganin girmanta. Sai dai a shekarar da ciwona ya yi tsanani, ikilisiya ta kammala azuminta a ƙarshen Janairu, aka yi sujadar godiya, kowa ya koma ga tukunyarsa, ni kuwa na ci gaba da nawa ba tare da kowa ya sani ba. Abin da zan ba da labarinsa shi ne hanyar da na bi daga nan har na samu sauƙi, domin na lura cewa a wurinmu mutum yana iya kamuwa da wannan ciwo na ƙin cin abinci a tsakiyar jama'ar Allah, ana ta yabonsa saboda alamun ciwon kansu.

Malamar sakandare ce ni a wata makaranta mai zaman kanta. Nakan bar gidan yayata da ke Tumfure tun gari bai gama wayewa ba, in koyar har la'asar, sannan in tsaya darasin yamma da 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da NECO. Daga can sai coci: koyon waƙa, taron malaman makarantar Lahadi, kwamitin matasa, ga littafin sakatariyar Zumuntar Mata da aka damƙa mini saboda an ce rubutuna yana da kyau. Takardun ɗalibai kuwa sai dare, da fitilar caji idan babu wuta. Babu wanda ya tilasta mini ko ɗaya daga cikin ayyukan cocin. Duk sanda aka nemi mai taimako nakan ɗaga hannu, domin na ɗauka mai bi na gaske ba ya cewa ya gaji.

A cikin wannan hada-hada ne abinci ya fara fita daga rayuwata. Da farko rashin lokaci ne kawai. Daga baya sai na gane cewa yunwa tana ba ni wani irin natsuwa, domin komai na rayuwata yana hannun wasu, shugaban makaranta da iyayen yara da kwamitoci, amma abin da zai shiga bakina ni kaɗai ke da iko da shi. Da azumin Janairu ya zo, sai wannan hali ya samu suna mai tsarki. Yayata takan zuba mini shinkafa da wake a kula kowace safiya, ni kuma in miƙa wa maigadin makaranta a bakin ƙofa, ya yi ta sa mini albarka, in dawo da kular a wanke da yamma. A hankali ƙa'idojin suka yi ta ƙaruwa, har loma ɗaya ta tuwo ta koma abin da zai hana ni barci saboda jin laifi, kamar na karya alkawari da Ubangiji.

A ƙasarmu rama ba abin sha'awa ba ce, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin da gangan nake ƙin ci. Mutane biyu na riƙa gamuwa da su. Akwai masu cewa, "Malama, lallai kina tare da Ubangiji, ki riƙa sa mu a addu'a." Akwai kuma masu kallona ta wutsiyar ido suna zargin ƙanjamau ko tarin fuka. A watan Maris, lokacin da zafin Gombe ke sa mutane kwana a tsakar gida, ni rigar sanyi nake sawa a ƙarƙashin mayafi, hannuwana kuma kamar an tsoma su a randa. Gashina ya riƙa zuba a kan mataji, al'adata ta ɗauke, in na miƙe daga kujera sai jiri ya ɗebe ni, kuma ɗaliban da nake ƙauna suka koma mini kamar kaya, ina shiga aji ina jiran ƙararrawa.

Yayata ce ta tasa ni gaba zuwa asibiti. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot, an duba gyambon ciki, an yi hoton ƙirji, an gwada sukari da ƙanjamau da maƙoƙo, duk ba a samu abin da zai bayyana irin ramar ba. Wannan matakin ya ci kuɗi da makonni, amma ba asara ba ce, domin dole ne likita ya fara kawar da waɗannan cututtuka. Abin da ya sauya al'amarin shi ne wata likita da ta ajiye takardun gwaji gefe, ta ce in faɗa mata abin da na ci jiya daga safe zuwa dare, da shekaranjiya, sannan ta tambaye ni abin da nake ji a zuciyata idan aka ajiye abinci a gabana. Ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba. Da na ce tsoro nake ji, sai ta rubuta takardar tura ni sashen likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe.

Kowa ya san nauyin wannan takarda a wurinmu. Yayata ta yi kuka a cikin Keke Napep tana cewa ƙanwarta ba mahaukaciya ba ce. Ba ta yi laifi ba, domin ƙasar nan kanta ta daɗe tana kallon ciwon ƙwaƙwalwa a haka. Dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma a wannan sashe ne aka fara gaya mini gaskiyar abin da ke damuna. Likitan ya ce sunan ciwon anoreksiya, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1873 wani likitan Ingila mai suna William Gull ya ba shi wannan suna. Ya ce yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, domin yunwa tana cin tsokar zuciya, tana rage bugunta, tana kuma raunana ƙashi, musamman ga mace da al'adarta ta ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da cututtukan da suka shafi cin abinci, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Ya ƙara da cewa ba dole sai mai son sirantaka irin ta masu tallan kayan sawa ke kamuwa ba. Mai neman kamala, mai tsoron ɓata wa mutane rai, mai ɗaukar kaya fiye da ƙarfinsa, shi ma yana kan hanya.

Abu na farko da aka yi shi ne kwantar da ni na ɗan lokaci, saboda bugun zuciyata ya yi ƙasa. Yayata ta zo da kuloli cike da farfesu da tuwon shinkafa tana so ta cika ni a rana ɗaya, sai ma'aikaciyar jinya ta dakatar da ita. Dalilin ya cancanci kowane mai jinya ya sani. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, idan aka danƙara masa abinci farat ɗaya, sinadarin insulin yakan tashi ya janye gishirin jini irin su fosfet da fotasiyam da maganiziyam zuwa cikin ƙwayoyin jiki, kuma wannan faɗuwar tana iya rikita zuciya har ta tsaya. Saboda haka aka fara da kaɗan, kunu da madara da ayaba, ana ƙarawa sannu a hankali, ana ɗibar jini ana dubawa, ana kuma ba ni bitamin. Cikina yakan kumbura bayan 'yan cokula, aka ce mini haka yake, domin hanjin da ya saba da zaman banza yakan yi nawa kafin ya dawo aiki.

Bayan sallama aka shiga aikin da ya fi tsawo. Masaniyar abinci ta tsara mini ci uku a rana da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a wuce awa uku zuwa huɗu ba a ci wani abu ba, ko da jin yunwa ko babu. Ba ta kawo wani abincin Turawa ba: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, dafaffen ƙwai ko gyaɗa da hantsi, ɗanwake ko faten wake da rana, fura da nono da la'asar, tuwon masara da miyar kuka da dare. An ce in riƙa rubuta abin da na ci da lokacin da na ci da tunanin da ya zo mini, kuma awon nauyi sau ɗaya kawai a mako, a asibiti, ba a gida ba. Masanin halayyar ɗan'adam da nake gani kowane mako yakan buɗe littafin mu bi shi layi-layi. Idan na rubuta cewa na ci abincin rana don haka na zama mai son jiki, sai ya tambaye ni ko zan faɗa wa ɗalibata haka in na gan ta tana cin nata. Wannan salon jinya na gyaran tunani da ɗabi'a an gina shi ne a kan aikin Christopher Fairburn da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford, kuma ginshiƙinsa na farko shi ne cin abinci a kan lokaci.

Masanin halayyar ne kuma ya ba ni labarin wani bincike da ya sauke mini nauyi mai yawa. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya gwada tasirin yunwa a kan samari 36 masu ƙoshin lafiya, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami a Yaƙin Duniya na Biyu saboda lamirinsu, wasunsu ma 'yan cocin Brethren ne, wadda mishan ɗinta ya fara aiki a Garkida a 1923 har aka samu cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. An rage musu abinci kusan rabi na wata shida, suka rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sai ga lafiyayyun maza sun koma ba sa tunanin komai sai abinci, suna tara littattafan girki, suna jin sanyi, suna saurin fushi, suna guje wa mutane, baƙin ciki ya rufe su. Duk abin da na ɗauka bushewar ruhaniya ce a kaina, wato addu'ar da ba ta da ɗanɗano da zuciyar da ta ƙeƙashe, ga shi an gan shi a jikin mutanen da yunwa kawai aka sa musu.

Duk da haka akwai ƙulli guda da asibiti ba zai iya kwancewa ba. Likita ya ce babu azumi, ni kuma zuciyata tana ce mini biyayya ga likita rashin biyayya ne ga Allah. Shi da kansa ya ce in je in yi magana da fastona, kuma ya rubuta masa gajeriyar takarda da yardata. Na same shi da matarsa, Mama, a gidansu da ke harabar coci wata ranar Talata. Ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau, ya ce, "'Yata, tun yaushe kike ɗauke da wannan, muna zaune muna yaba miki?" Na ce, "Baba, ni tsorona kada in zama mai bautar ciki." Bai yi mini wa'azi ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki a 1 Sarakuna sura 19, ya ce in karanta da ƙarfi. Annabi Iliya ne bayan babbar nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji, ya zauna a ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa. Baba ya ce in lura da abin da Allah ya fara yi masa: bai tsawata masa ba, bai ba shi sabon aiki ba, ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ce ya ci, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Maganar Allah a Horeb sai bayan barci da abinci ta zo.

Daga nan ya kai ni Markus 5, inda Yesu ya tashi 'yar Yayirus daga mutuwa, kuma umarnin da ya rufe labarin da shi shi ne a ba ta abinci. Ya wuce sura 6, inda almajirai suka dawo daga aiki, jama'a na ta kai da kawo har ba su samu zarafin cin abinci ba, Yesu ya ce su keɓe su huta kaɗan. Ya tuna mini cewa Bulus a Kolosiyawa 2 ya gargaɗi masu bi game da dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, waɗanda ke da kamannin hikima saboda suna azabtar da jiki, alhali ba su da amfani. Ya ce azumi na gaskiya yana da farko da ƙarshe, mutum yana shiga da yardar ransa ya fita da godiya, amma wanda ba ka iya dainawa, kake ɓoye shi ga 'yan'uwa, kake jin tsoro in ka karya shi, ya riga ya zama ubangidanka. Sannan ya ce, a matsayinsa na makiyayina, ya sauke mini azumi har sai likita ya ce wani abu dabam. Ana cikin haka Mama ta shigo da kunun tsamiya a kofuna uku da ƙosai a faranti, ta zauna kusa da ni, ta ce, "Sha, 'yata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Na daɗe kafin in gama kofin, hannuna yana rawa, su kuma suka ci gaba da hirarsu ta gyaran rufin coci ba tare da sun zuba mini ido ba.

Na yi imani da addu'a, kuma an yi mini ita sosai. Amma ina ganin kuskure ne babba a ce wa mai wannan ciwo ya ƙara azumi don a karya ƙarfin abin da ke damunsa, kamar yadda wasu masu kyakkyawar niyya suka ba ni shawara. Tarihin ikilisiya ma ya san wannan haɗari. Katarina ta Siyena, wata sananniyar mai ibada 'yar Italiya, ta rasu a 1380 tana da shekara 33 bayan shekaru na tsananin ƙin abinci, duk da cewa masu kula da ruhaniyarta sun yi ta roƙonta ta ci.

Sauran rabin jinyar ya shafi aiki, domin an gaya mini a fili cewa in na koma tsohon jadawalina ciwon zai dawo ta ƙofar da ya shigo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarewar ƙarfi saboda aiki a matsayin matsalar da ke tasowa daga daɗaɗɗen matsin wurin aiki, mai alamu uku: gajiyar da ba ta wucewa, zuciya ta yi nisa da aikin ko ta tsane shi, da raguwar ƙwazo. Duka ukun ina da su. Herbert Freudenberger, wanda ya yi fice da bayyana matsalar a 1974, a wurin masu aikin sa-kai na wani asibitin kyauta a New York ya lura da ita, wato mutane masu zuciyar hidima irin waɗanda suka cika kujerun cocinmu. Binciken da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021 ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari, kuma ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016. Da na haɗa awannin makaranta da na coci, na wuce wannan iyaka da nisa.

Na kai takardar likita makaranta aka ba ni hutu, da na dawo kuma na ajiye darasin yamma, duk da cewa kuɗinsa ne ke biya mini kuɗin mota. Ajiye ayyukan coci ya fi wuya. Baba ya karanta wa dattawa Fitowa 18, inda Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya raba aikin. Na miƙa littafin Zumuntar Mata ga wata 'yar'uwa, na fita daga kwamitin matasa, na bar makarantar Lahadi, na riƙe waƙa kaɗai. Ayyukan da nake yi ni kaɗai mutum huɗu suka raba, biyu daga cikinsu ba a taɓa neman su da wani aiki ba sai a lokacin. Wasu sun ce na yi sanyi a cikin bangaskiya, abin ya yi mini ciwo, amma ban koma ba. Ranar Lahadi, wadda a da ta fi kowace rana gajiyar da ni, ta koma sujada ɗaya, abincin rana tare da iyalin yayata, da barci.

Sauƙin bai zo a miƙe ba. Lokacin jarrabawar ƙarshen zango, da takardu suka taru, tsohuwar muryar ta dawo tana ce mini in tsallake abincin rana, kuma akwai ranakun da ta yi nasara. An riga an shirya mini abin yi: in rubuta, in gaya wa yayata a ranar, in ci abinci na gaba a kan lokacinsa ba tare da ramuwa ko horon kai ba. Da nauyina ya fara dawowa mutane suka riƙa cewa, "Kai, Malama, kin yi ƙiba, kin yi kyau," suna nufin alheri, ni kuwa kalmar takan tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Na roƙi na kusa da ni su daina magana a kan jikina gaba ɗaya, su tambaye ni barcina ko ajina. Bayan watanni al'adata ta dawo, sanyin ya tafi, na sake jin daɗin koyarwa, kuma Jibin Ubangiji, wanda a da har ɗan gutsuren gurasarsa nake lissafawa, na koma karɓarsa da farin ciki.

Da Janairu ya sake zagayowa na tambayi likita, ya ce har yanzu ba lokaci ba ne, kuma mai yiwuwa azumin abinci ba zai sake dacewa da ni ba. Muka shirya da Baba cewa zan halarci addu'ar yamma tare da kowa, in ajiye Facebook da WhatsApp na tsawon kwanakin, in ci abincina yadda aka tsara. A sanarwar azumin ta shekarar ya ƙara wani abu da ba a saba ji ba: bayan masu juna biyu da masu shayarwa da masu ciwon sukari da gyambon ciki, ya ce duk wanda ya san cin abinci ya zame masa abin tsoro, ko likita ya hana shi, kada ya shiga azumin, ya zo su yi magana. Bai ambaci sunana ba. A cikin makon wata uwa ta je wurin Mama game da 'yarta 'yar aji biyar na sakandare, kuma da izinina Mama ta haɗa mu, na raka su asibiti ranar da suka karɓi kati. Ni ma har yanzu ina zuwa ganin likita, sai dai tazarar ta ƙaru zuwa bayan 'yan watanni, kuma an rubuta mini gwajin ƙarfin ƙashi da zan yi kafin zuwa na gaba.